Tabon Tawadar Baba

"Mai wanki da guga fa, Auta? Duk samarin da ke zarya a ƙofar gidan nan, ki rasa wanda za ki ɗauko mana sai mai wanke dattin mutane?"

Gwaggo ce ke wannan faɗa, tana zaune a falo da kofin shayi a hannu. Yayar Baba ce, ita ta riƙe gidan tun da mahaifiyar Auta ta rasu. Ta riƙe shi da amana kam, sai dai bakinta bai san hutu ba.

"Haba Gwaggo, shagon fa nasa ne na kansa. Injin wanki biyu gare shi, har otal-otal ke kawo masa aiki."

"Ko injin jirgi gare shi, sunansa mai wanki. Gobe a tambaye ni ina surukina, in ce me? Yana can yana cuɗa safar wani?"

Auta ta dubi Baba da idanun neman ceto. Baba tsohon malamin makaranta ne, ba ya yanke hukunci sai ya duba takarda gaba da baya, kuma ba ya son tsallake maganar yayarsa. Ya sauke jarida ya ce, "Gobe zan yi tafiya, sai Juma'a. Ranar Asabar ya zo in gan shi, a nan zan ba da amsa."

To, a falon nan akwai teburin cin abinci, a kansa akwai farin mayafi mai saƙar furanni a gefe. A kusurwa guda akwai tabon tawada, faɗinsa ya kai tafin hannu. Ranar da za a haifi Auta, Baba na zaune yana duba littattafan ɗalibai, naƙuda ta taso wa matarsa, ta dafa tebur, kwalbar tawada ta kife. Da ta dawo daga asibiti da jaririya, ta ce a bar tabon, sa'an 'yarta ne. Shekara ashirin da uku ke nan. Ko wanke mayafin za a yi, sai an tattare kusurwar nan a hannu kada sabulu ya taɓa ta.

Gwaggo ta san wannan sarai. Shi ya sa Baba na sa ƙafa waje ta ninke mayafin, ta nufi shagon mai wanki.

"Ɗan nan, an ce kai gwani ne. Ga shi, ina so ya dawo fari fat. Ko ɗigo kada ka bari."

Dabararta ke nan: in ya fitar da tawadar, Baba ba zai ƙara son ganin fuskarsa ba, in ya kasa, to, ashe gwanintar ma ta baki ce. Ta dawo gida tana murmushi, ta dafa shayin murna, ta dire butar da zafinta a kan tebur, ta manta babu mayafi. Ko da ta ɗaga, ga farin zobe ya kwanta a kan katakon. Ta sa ruwa, ta sa sabulu, ta dirza har kafaɗarta ta yi tsami, zobe ya ce yana nan daram. Dole ta samo leda mai zane ta rufe teburin, ta ce wa Auta ta adana mayafin ne sai baƙo zai zo. In za ka gina ramin mugunta, aka ce gina shi gajere.

Ranar Asabar da hantsi Baba ya fito cikin shiri, ya dubi tebur.

"Yaya, ina mayafin?"

"Na kai wa surukin naka ya nuna mana iyawarsa. Na ce kada ya bar ko ɗigo."

Baba ya nemi kujera ya zauna a hankali. Auta ta rarumi waya, ta kira mai wanki sau uku bai ɗauka ba, yana kan babur. Hawaye suka zubo mata, na tausayin Baba da na tausayin kanta, don ta san magana ta ƙare.

"Gwaggo, me na yi miki? In ni ce ba ki so da shi, ina ruwan tabon Mama?"

Gwaggo ta buɗe baki, sai ga sallama.

Mai wanki ya shigo da farar riga mai karin guga kamar zai yanka yatsa, ya durƙusa ya gaida Baba, ya gaida Gwaggo. Ya ga idanun Auta jawur, ya haɗiye tambayarsa. Sannan ya ajiye ƙunshi a gaban Gwaggo.

"Gwaggo, ga aikinku. Amma ku yi mini afuwa, ban cika umarninku duka ba."

Ya warware mayafin. Fari tas, har yana ɗaukar ido. A kusurwa kuma ga tawada nan yadda take, ko gefenta bai dusashe ba.

"Ahaf, ashe ta gagare ka," in ji Gwaggo, amma muryar ba ƙarfi.

"Ba ta gagara ba. Tabo goma sha ɗaya na samu. Na maiƙo na barbaɗa musu garin alli ya tsotse, sannan sabulun wanke-wanke. Na shayi lemun tsami ya ishe su. Kakin kyandir na ɗora takarda na bi da dutsen guga. Ita ma tawadar, da maganinta a shago, yini guda ta fita."

"To me ya hana ka?" Baba ne ya tambaya, karon farko da ya yi wa baƙon magana.

"Baba, maigidan da ya koya mini aiki ya ce kafin ka taɓa tabo, ka san labarinsa. Kowane tabo a mayafin nan an yi kokawa da shi, an dirje wurin har zaren ya yi laushi. Wannan kuwa ya fi su tsufa, ya fi su girma, amma ba a taɓa sa masa hannu ba. Gidan da ake yaƙi da ɗigon shayi ba za a ƙyale tawada don ganda ba. Na ce a raina ajiye ta aka yi. In na yi kuskure, gobe ma ana iya fitar da ita. In na fitar kuwa, ba mai iya mayarwa."

Baba ya miƙe ya ce bari ya ɗauko tabarau, alhali tabarau na kan hancinsa. Kowa ya gane hawaye zai je ya share.

Mai wanki ya ɗaga ledar don ya shimfiɗa mayafin, sai ga farin zobe. Ya dubi zobe, ya dubi Gwaggo, Gwaggo ta dubi silin.

"Auta, don Allah, dutsen guga da busasshen tawul."

Ya rage zafin dutsen, ya shimfiɗa tawul a kan zoben, ya riƙa gogawa kaɗan-kaɗan yana ɗagawa yana dubawa. Kafin Baba ya dawo, katako ya koma yadda yake.

"Me kuma kake gogewa?"

"Ɗan danshi ne ya shiga katakon, Baba. Ya fita."

Wannan rufin asiri shi ya karya Gwaggo.

"Ni ce na dire buta," ta ce. "Mayafin ma da gangan na kai, don ya faɗa rami. Ka yafe mini, ƙanena. Auta, ki yafe wa tsohuwa." Ta share ido da bakin gyale. "Ka ba shi. In ba ka ba shi ba, ni da kai ne."

"Au, yanzu kuma?" in ji Baba yana dariya. Ya kamo hannun mai wanki ya aza a kan tawadar. "Wannan da yarinyar nan rana ɗaya suka zo gidan nan. Ka san yadda ake riƙe ɗaya, na ba ka ɗayar."

Auta ta rufe fuska ta ruga ɗaki, tana kuka tana dariya.

Bayan biki, duk wadda ta tambayi Gwaggo sana'ar surukinta, sai ta gyara zama ta ce, "Likitan tufafi ne." Kuma ba ya zuwa gaisuwa ya fita hannu rabbana, kullum akwai gyale mai maiƙo yana jiransa.

Sana'a ba ta rage darajar mutum, hali ke ragewa. Mai gaggawa dirza yake yi har zane ya yage. Mai haƙuri yakan tsaya ya san abin da za a wanke, da abin da za a rufe, da abin da za a bari yadda masu shi suka ajiye shi.