Telekomandin Ma'azu

Rana na gab da ɓuya bayan duwatsun Dogon Dutsi Ma'azu ya shigo gida da ɗan kwali a hammata. Mai sayar da kayan babur ne, kuma ya gaji da riƙon telekomandi, wato rimot, har uku: na tele, na dekoda, da na manyan lasifikun da ya jingine jikin tsohon bangon da ya raba falonsa da kangon baya. Wannan sabon da ke cikin kwalin shi kaɗai zai juya su duka.

Ya sa batir, ya danne maɓalli har jar wuta ta tsaya, ya shigar da lambobi. Tele ta amsa. Dekoda ta amsa. Da ya zo kan lasifiku sai sauti ya ƙwace ya haye ƙarshe, kofuna suka yi rawa, ƙasa ta zubo daga bango. Daidai lokacin ana kiran magariba. Ya daɗe yana latse-latse kafin ƙarar ta mutu.

Shirun da ya biyo baya mai nauyi ne. Ko awaki ba su motsa ba.

Dutsen farko ya faɗo kan kwanon rufi. Na biyu ya ratso taga ya fasa goshin matarsa Ummuhani, jini ya rufe mata ido. Tele ta kunna kanta, ga telekomandi a kan tabarma ba mai taɓa shi.

Sai ƴarsu Sahura, mai karatun sakandare a lise, ta shigo daga inda take alwala. Tafiyar ba tata ba ce. Ta ɗauki telekomandin ta murƙushe shi cikin tafinta. Ta kama babban yatsan ubanta ta lanƙwasa baya har ƙashin ya yi ƙara, ta ɗaga uban ta maka da bango. Maƙwabta suka rugo suka danne ta, ta watsar da su, ta ciji guda har tsoka.

Kafin isha'i aka zo da Malam Zaidu, dattijon da ya san aikin ruƙiyya. Ya zauna kusa da kanta ya soma karatu. Sahura ta yi ta buga ƙeya da ƙasa, can bakinta ya buɗe da muryar tsohuwa.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Kangon ga nawa na, tun kakan mai gidan ga bai zo garin ga ba. Ɗiyata na kwance jikin bango ya sako mata tsawa cikin kai. Yanzu ina kiranta ba ta ji."

"Bai san da ku ba."

"Kunnuwan ɗiyatai nika so."

"Ba ki samun su. Yarinyar ba ta yi miki komai ba."

Ya ci gaba da karatu, ya ɗaga murya. Jikin Sahura ya banƙare, ta yi kururuwa tana cewa ana ƙona ta. Ta nemi a yanka mata baƙar akuya. Malam ya ce ba a yanka don kowa sai Allah. Daga ƙarshe, cikin haki, ta ce a ɗauke lasifikun daga bangonta, kada a sake kunna komai da magariba.

Ma'azu ya rarrafo, riƙe da karyayyen yatsa, ya durƙusa gabanta.

"Na yi alkawari. Ki sakam min ɗiyata."

Idanun suka tsaya a kansa. Kafin kowa ya ankara hannun Sahura ya tashi ya sauka kan kunnensa da ƙarfin da ya kifar da shi, kansa ya daki siminti. Ta yi atishawa, jikinta ya saki.

Malam ya shafa mata ruwa a fuska. Ta buɗe ido ta ga uwarta cikin jini, ta ga ubanta zaune ya ba ta baya, jini daga kunnuwansa na bin wuyan rigarsa.

"Baba," ta ce da muryarta ta kullum. "Baba, mi ya same ka?"

Bai waiwayo ba. Ta sake kira, ta ƙara murya. Ma'azu yana duban bakin Malam da ya matso gabansa, yana tambayarsa da ƙarfi ko yarinyar ta farfaɗo.