Hannun da Ba a Gama Ba

"'Yan mata, hannun hagun fa? Haka za ki tafi ki bar shi?"

Muryar wata mata ce daga bayan Ottavia, amma ba ta waiwayo ba. Wata uku ke nan tana kwafar tsohon zanen wata waliyyiya a wannan coci na birnin Firenze, a Italiya. "Iya, kore ake fara shafawa. In na ɗora launin fata bai bushe ba, aikina ya lalace."

"Sanyi yake ji."

Magariba ta yi, coci ya watse, amma warin ɗanyen fenti sai ƙaruwa yake. Matar ta dafa kafaɗarta. Ottavia ta dubi hannun da ke kafaɗarta: kore ne shar, jiƙe, yatsu huɗu, daidai inda ta tsaya a zanen waliyyiyar.

Ta ɗauki burushi, hawaye na zuba. "Zauna, Iya. Ko zai lalace, yau zan rufe miki shi."