Dariyar Da Ke Ƙarshen Faifai

"Mayar da shi baya."

Injiniya ya mayar.

Allura ta danne abin saurare a kunnuwanta da hannu biyu, ta runtse ido. Jita ta yi kukanta na ƙarshe, ganga ta tsaya, sai shiru. Shiru tas, kamar ɗakin da aka kwashe kaya aka share.

"Sake."

"Zuciyata, tun ɗazu fa..."

"Na ce ka sake!"

Ya sake. Ba abin da ya canja.

Ta zare abin sauraren ta ajiye kan tebur a hankali, irin ajiyewar da ta fi jifa ban tsoro.

"Ina dariyar Baba?"

"Wace dariya?"

"Ta ƙarshe. In waƙar ta ƙare yakan yi dariya, ya ce, 'To ku sallame ni, ana jira na a gida.' Ina take?"

Ya dubi kwamfuta, ya dube ta, ya sake duban kwamfuta. A fuskarsa ta ga lokacin da abin ya faɗo masa.

"Na ɗauka hayaniyar ɗaki ce..." ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ƙarar faifan ta danne ta. Na yanke."

Allura kowa ke kiranta, har an kusa manta sunanta na gaskiya, saboda ita kaɗai ce cikin masu sa kiɗa a taro da har yanzu take yawo da garmaho biyu masu allura da akwatin fayafayai, alhali sauran di-je sun koma ɗan abin da ake jefawa a aljihu. In an tambaye ta dalili, kuma kullum sai an tambaya, takan ce ita kiɗan da ba za ta taɓa da hannu ba bai dame ta ba. Shi kuwa Injiniya haɗa kiɗa ne aikinsa, a wani ɗan situdiyo da ke saman shagon sayar da taya. Mutum ne da ya tsani datti a sauti yadda wasu suka tsani ƙuda a abinci. A kan gardamar faifai da kwamfuta suka haɗu. Gardamar ba ta ƙare ba har yau, sai dai so ya shigo ya zauna a tsakiyarta.

Umma, mahaifiyar Allura, ita ce ta ƙi aurensu. Tela ce, mace mai magana ɗaya.

"Na auri makaɗi, ba labari aka ba ni ba," in ji ta. "Mijin hanya ne. Ke da na hana ki wannan sana'ar kin ji? Shi ne za ki ƙaro min wani?"

Baban Allura mai jita ne, ya rasu tana ƙarama, a kan hanyar zuwa wani wasa. Abin da ya bari faifai ɗaya ne na gwaji, irin wanda ake yankawa a saurara kafin a buga na kasuwa, aka kuma fasa bugawa. Babu na biyunsa a duniya. Umma tana ajiye shi a ƙasan akwatin kayanta, takan fito da shi jefi-jefi, kuma ba waƙar take nema ba, 'yar maganar ƙarshen ce. Duk tsawon aurensu, nan ne kaɗai ya taɓa faɗi da bakinsa cewa ya san ana jiransa.

Dabarar Allura ce ta ɗauke faifan a ɓoye, Injiniya ya kwashe waƙar zuwa kwamfuta ya wanke ta tas, su kai wa Umma kyauta, ko zuciyarta ta yi laushi. Dabarar ta yi kyau ƙwarai lokacin da take cikin kai.

"Ɗanyen fa?" ta ce yanzu. "Wanda ka ɗauka kafin ka wanke?"

"Na ɗora wankakken a kansa. Kin san ba na tara..."

"Na san ba ka tara datti. Baban nawa ne datti?"

"Subhanallahi! Ba haka nake nufi ba, wallahi."

"To sa faifan mu sake ɗauka."

Bai motsa ba. Can ya jawo fitilar tebur ya haska faifan. Kusa da takardar tsakiya, inda waƙa ke ƙarewa, baƙin fentin ya ɓare, ƙarfen ƙasa yana ƙyalli. Faifan gwaji ba kamar na kasuwa ba ne, fenti ne mai laushi a kan ƙarfe, in ya tsufa kuwa lallaɓa shi ake yi. Allura ta san wannan sarai. Ita ce kuma ta kafe sai da garmahonta za a yi aikin, don ba ta yarda da na kowa ba, ta manta allurar da ke kai ta taro ce, mai nauyi, wadda ake dannewa don kada ta yi tsalle in ana rawa. Allurarta ta cinye wurin tana wucewa, shi kuma ya yanke abin da kwamfuta ta samu ta kama.

Ba ta yi kuka ba. Ta zauna a kujerar baƙi tana kallon soson da aka manna a bango, ƙarar injin hura taya tana tasowa daga ƙasa.

"Wayyo, wa ya mutu?"

Tauraruwa ce a bakin ƙofa, mawaƙiyar da ke da ɗaukar murya da yamma amma kullum take zuwa tun azahar, riƙe da abin sha mai sanyi da take kawo wa Injiniya, shi kuwa bai taɓa tambaya ba. Tambayar ma ta ado ce, don ta daɗe tsaye, ta ji komai.

"Haba Injiniya, kai da ka san aiki?" ta ce tana gyara dogayen faratanta. "Ai muryar marigayin tana cikin waƙar. Ka koya wa kwamfuta ita, ta faɗi maganar, ta yi dariyar, ka yayyafa ƙaraf-ƙaraf ɗin faifai a kai. Tsohuwa ina za ta gane?"

"Uwata kike kira tsohuwa?"

"Yi haƙuri, 'yar'uwa. Taimako nake."

Allura ba ta son Tauraruwa, ba ta kuma taɓa ɓoyewa ba. Amma shawarar ta shiga kanta ta shimfiɗa tabarma. Tauraruwa na shiga ɗakin ɗaukar murya Allura ta juyo ga Injiniya.

"Ka yi."

"Rabin raina..."

"Kar ka rabin raina ni. Kai ka yanke, kai za ka mayar."

"Ƙarya ce fa za mu kai mata."

"In ta ji gaskiya, ni da kai mun rabu ke nan. Kana so na ko ba ka so na?"

"Kin san amsar."

"To ka yi!"

Ya yi. Kwanaki suna zaune kafaɗa da kafaɗa, ita tana gyara masa. Ba haka Baba yake jan "sallame" ba. Yakan ɗan yi tari kafin ya ce "gida". Dariyar ba daga maƙogwaro take fitowa ba, daga ƙirji ce. Injiniya yana ji yana gyarawa. Ranar da aka gama ta sa abin saurare, tsigar jikinta ta tashi. Baba ne sak.

"Ya yi," ta ce, idonta ya ciko. "Wallahi ya yi!"

"Ya yi da yawa," in ji shi. "Shi ne abin da ban so ba."

Ya ajiye biyun a wayarsa, ta farko mai shiru a ƙarshe, ta biyu mai dariya.

Da hantsi suka je. Shagon ɗinkin Umma ɗakin gaban gida ne, ƙyallaye ko'ina, dutsen guga yana huci a kusurwa. Tana kan keke, tef a wuya, allurai a baki. Ta amsa gaisuwar Injiniya da kai, ta nuna masa benci da haɓa.

"Umma..." Allura ta durƙusa. "Na ɗauki faifan Baba."

"Na sani. Akwatina ne."

"Faifan ya... ya gaji, Umma. Ya ɗan ɓare. Amma mun kwashe komai kafin nan."

"Komai?"

"Komai."

Umma ta ci gaba da taka keke. Injiniya ya ɗora 'yar sifika a kan teburin yanka, tsakanin almakashi da alli. Allura ta matso kusa da shi ta raɗa.

"Ta biyu."

Ya danna.

Jita ta shigo, tas da ita, ba shuuu ba ƙaraf-ƙaraf, kamar mai kaɗa ta yana zaune a kan bencin nan. Muryar Baba ta biyo. Ƙafar Umma ta tsaya a kan keke. Ba ta ɗago ba, yadin da ke hannunta kawai ta riƙe. Allura tana bin waƙar a ranta, baiti bayan baiti. Jita ta yi kukanta na ƙarshe. Ganga ta tsaya.

Shiru.

Allura ta jira tarin. Bai zo ba. Ta juya ta dubi Injiniya, shi kuwa ƙasa yake kallo.

"Umma," ya ce, "akwai magana a ƙarshe. Ni na yanke ta da hannuna, na ɗauka hayaniya ce. Ba za ta dawo ba."

"Injiniya!"

"Na haɗa wata ta ƙarya, tana nan cikin wayata. Ta yi kama da shi sosai. Na kasa sa miki ita."

Allura ta ji kamar ta shaƙe shi. Ga aure a hannu, ya saki don kansa, bai ko shawarce ta ba. Haushi ya cika ta, kunya ta biyo, kunyar kuma ta fi haushin nauyi.

"Ba shi kaɗai ba ne, Umma," ta ce da ƙyar. "Allurata ce ta ɓare faifan. Ni kuma na sa shi ya haɗa ta ƙaryar. Bai so ba."

Umma ta zare alluran bakinta ɗaya bayan ɗaya tana soka su a ɗan matashinsu. Ba ta yi sauri ba.

"Jiya wata yarinya ta zo da yadi, wai ɗinki," ta ce. "Mai dogayen farata. Ko awo ba mu gama ba ta zazzage min komai, har da cewa za a kawo min muryar mijina ta roba. Ta ce tausayina take ji." Ta ɗan taɓe baki. "Tun safe nake zaune nan ina jira in ga wacce za ku sa min."

Dutsen guga ya yi ƙas a kusurwa.

"Ubanki," Umma ta ce, ba ta dubi Allura ba, "in ya yi laifi waƙa yake shigowa da ita. Ya yi ta kaɗawa har in manta abin da na shirya faɗa masa. Mai daɗin hannu ne, Allah ya ji ƙansa. Amma har ya koma ga Mahaliccinsa ban taɓa jin ya ce 'ni na yi' ba."

Sai ta juyo ga Injiniya, ta dube shi sosai, karon farko tun da ya fara zuwa gidan.

"Ka cuce ni, ɗan nan. Ba zan ce maka ba komai ba, don da komai."

"Na sani, Umma."

"Goge ta ƙaryar. Yanzu, ina gani."

Ya miƙo wayar inda za ta gani, ya goge.

"Ke kuma ni da ke sai an jima, ba a gaban baƙo ba." Ta ja yadin ta daidaita shi a ƙarƙashin allurar keke. "Kai, ka ce wa mahaifinka ya zo mu gana. Ban ce na yafe ba. Na ce ya zo."

Allura ta daɗe tana kitsa wannan rana a ranta, da ihu da tsalle da rungumar Umma. Da ranar ta zo, sai ta iske murnar ba ta da wurin zama, baƙin ciki ya riga ta. Tana son mutumin nan da ke kan benci fiye da jiya, tana kuma jin haushinsa, ta rasa wanne za ta fara. Hawayen da ta riƙe tun a situdiyo suka zubo, ta bar su.

"Yi haƙuri, zuciyata," ya raɗa.

"Yi min shiru," ta ce, amma ba ta matsa daga kusa da shi ba.

Ya miƙe zai ɗauki sifikar. To hali dai hali ne, kunnen Injiniya bai iya barin abu ya wuce ba.

"Umma, in kina so zan gyara miki ƙarshen. Shirun nan ya yi tsawo, sai in rage..."

Allura ta kusa take masa ƙafa.

"Kar ka taɓa min shi," in ji Umma. Ta ɗora ƙafa a kan keke, amma ba ta taka ba. "A nan mijina yake magana. Ajiye sifikar, ka sa min daga farko."