Tagogi Biyu a Kwamfutar Yaya

Ana dab da magariba, Mama tana kwashe shanya, sai ta hangi haske a ɗakin Yaya. Tun da babban ɗan nata ya rasu a hatsarin mota, ba wanda ya ƙara kunna kwamfutar da yake zanen gidaje da ita. Tana kan tebur, an lulluɓe ta da tsohon zani.

Ta tura ƙofar a hankali. Zanin yana ƙasa. A fuskar kwamfutar an jera tagogi biyu gefe da gefe, yadda marigayin yake yi in zai fara aiki: a hagu zanen gidan da bai gama ba, a dama hoton filin da za a gina shi. Kujerar an ɗan ja ta baya, kamar ana jiran mai ita.

"Auta, ke kika taɓa kayan yayanki?"

"Ni ko ɗakin ba na iya shiga, Mama."

Mama ta zare wayar wutar kwamfutar daga bango. Washegari da rana ta yi ja, hasken ya dawo, wayar kuwa tana yashe a ƙasa. Ba ta gaya wa Baba ba. Ta san wanda ya tafi ba ya dawowa, amma kullum sai ta tsaya a bakin ƙofar, tana kallon 'yar kibiyar nan ta fuskar kwamfutar tana jan taga ɗaya zuwa hagu, ɗaya zuwa dama, har duhu ya rufe tsakar gidan.

Ran nan sai Baba ya gani da idonsa. Ya sa kwamfutar a kwali ya ɗaure, ya tura ƙarƙashin gado. A yammacin nan aka fara jifa. Duwatsu suna sauka kan kwano, a fita a duba, babu kowa. Daga ɗakin kuma ana jin wata siririyar murya, kamar mai tambayar hanya.

Bayan kwanaki aka nemi Auta aka rasa. A kujerar Yaya aka same ta, idonta a kafe kan bango, hannunta yana tafiya kan teburin da babu komai, hagu, dama, hagu, dama. Da Baba ya dafa ta, ta juyo ta dube shi kamar ba ta taɓa ganinsa ba.

Baba ya ɗauko wani dattijon malami. Malam ya zauna a ƙasa, ya daɗe yana karatu, har jikin yarinyar ya ɗauki rawa.

"Wace ce ke?"

"Mai ɗakin nan ce," in ji wata murya ta tsohuwa daga bakin Auta. "Na riga tubalinsa zuwa."

"Me yarinyar ta yi miki?"

"Ba komai. Baki nake nema in yi tambaya. Ina yaron? Kullum da yamma ina zaune a gefensa, yana zane yana hira shi kaɗai. Ban taɓa cutar da shi ba. Ya fita ya ce yana zuwa. Na jera masa kayan aikinsa yadda yake so, bai zo ba. Sai kuma aka ɗauke."

Malam ya dubi Baba, sannan ya ce, "Baiwar Allah, yaron ya rasu."

Ba ta yi kururuwa ba. Hawaye ne kawai suka dinga zuba daga idon Auta, kafaɗunta suna girgiza. Mama ta toshe bakinta da mayafi.

"Ba wanda ya gaya mini," in ji muryar. "Na ga mutane sun cika gida, na ɗauka aure za a yi masa." Sai ta ce, "A bar mini na'urar."

"Ba taki ba ce. Yarinyar ma ba taki ba ce."

"To a bar ni in zauna a ɗakin."

"Kin ga halin da zamanki ya sa su."

"To in ga fuskarsa, sau ɗaya. Sai in tafi, na yi alkawari."

Malam ya gyaɗa wa Baba kai. Baba ya kwance kwalin, ya haɗa wayoyi, ya buɗe hoton Yaya yana dariya. Ta daɗe tana kallo. Sannan Auta ta yi atishawa ta sulale, Mama ta tare ta.

"Mama, me ya jiƙa mini fuska?"

"Ba komai, 'yar nan. Kwanta."

Jifa bai sake faruwa ba. Da Baba ya dawo daga rakiyar Malam, ya tarar da Mama zaune a bakin gado, kan Auta a cinyarta.

"Ya kamata ki gode wa Allah," ya ce a hankali.

"Na gode masa." Ta share ido. "Amma da kun bari na tambayi tsohuwar abin da yaron yake cewa in yana shi kaɗai."