Hular Kore a Bakin Fili

Ranar da Marnise ta fara ganin Keldrick, begilarta ta kusa suɓucewa don dariya. Tana cikin makaɗan jami'armu a nan Mississippi, shi kuwa yana bakin fili da hula kore, yana ta wurga hannu kamar mai korar ƙuda.

Bayan wasa ta tare shi ta tambaye shi ko lafiyarsa ƙalau. Ya ce shi kwatabak ne, mai jefa ƙwallo a wasan ƙwallon Amurka, amma na uku a layi. Su uku ke ba na cikin fili alamar dabarar da za a buga da hannu, ɗaya ce ta gaske, sauran don ruɗa abokan hamayya. Tasa kullum ta bogi ce.

"To tunda ba mai karantawa, yi mini tawa," in ji ta.

Ya dafa ƙirji, ya taɓa hula, ya nuna sama. Daga ranar ta sa masa suna Mai Ƙuda, shi kuma yana ce mata Begilata.

Da maganar aure ta taso, mahaifinta, Dikin Tolliver, dattijon cocinmu, ya ce sam. Yaran ƙwallon yanzu ba su da gari, yau nan gobe can, shi kuwa 'yarsa ba jakar tafiya ba ce. Ban ga laifinsa ba, mun sha ganin haka.

Ana cikin haka koci ya ɗauko wani kwatabak, Brayden, daga wata jami'a a California, ya ɗora shi a gaba. Keldrick ya koma na huɗu. Wata makaranta a Montana ta ce ya zo, shi zai zama na ɗaya, mai buɗe wasa. Brayden, wanda dama idonsa na kan Marnise, shi ya kai mata labarin har da ƙarin gishiri.

Ta rubuta masa: "Ashe Baba ya fi ni saninka. Allah ya kiyaye hanya." Ta toshe lambarsa. Ta yi kuka sosai, don tana sonsa.

Ranar wasan gwaji na bazara, karon farko, koci ya ce alamar Keldrick ce ta gaske. Yana cikin bayarwa ya hango Marnise ta kau da kai. Bawan Allah ya manta da kowa, ya dafa ƙirji, ya taɓa hula, ya nuna sama, ya kuma maimaita. Brayden ya tsaya baki buɗe yana neman ma'anar wannan alama a kansa har lokacin da aka ba su ya ƙare, alƙalin wasa ya hukunta su, ya mayar da su baya. Koci kamar ya cinye hularsa.

Bayan wasa Dikin Tolliver ya tare Keldrick a bakin ƙofa, Marnise na bayansa.

"Yaro, yaushe ne tafiyar?"

"Yallabai, na riga na ce musu a'a. Na so in buga, ba zan ɓoye maka ba. Amma gara benci a inda take."

Dattijon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce ya zo cin abinci ran Lahadi, ya bar hular nan a gida.

Keldrick bai taɓa buɗe wasa ba har ya gama makaranta, kuma abin ya yi masa ciwo. Amma ranar ɗaurin aure, da fasto ya tambayi Marnise ko ta yarda, sai ta dafa ƙirji, ta taɓa lulluɓinta, ta nuna sama. Mahaifinta ne ya fara cewa amin, yana share ido.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.