Hannuna da Ruwa

"Momi! Momi! Yau Anti ta ba mu buk, ta ce mu karanta wa wani a gida!"

Tun daga ƙofar gida ake jin muryar kafin a ga mai ita. Ba a banza ubanta ya laƙaba mata Rediyo ba. Yarinya 'yar aji biyu, in ta kunnu da safe sai barci ne ke kashe ta. Ta faɗo tsakar gida jaka na rinjayarta, safa ɗaya ta zame, tana miƙo ɗan littafi mai hoton yaro a bakin rafi.

Maman Rediyo tana gaban keken ɗinkinta, hannunta a bushe ƙamas. Tana ganin littafin gabanta ya faɗi. Zumbur ta miƙe ta nufi bahon wanke-wanke, ta tsunduma hannu biyu cikin kumfa.

"Kin ga hannuna da ruwa, kar in ɓata musu littafi. Ajiye sai Babanki ya dawo."

"Kullum haka kike cewa."

"Wuce ki cire yunifom!"

Allah sarki. Ba ƙin yarinyar take ba. Ita dai a aji huɗu karatunta ya tsaya, kuma abin da ta samu ɗin ma tafiyar hawainiya yake yi, ta kama wannan harafi wancan ya suɓuce. Ta yarda ta wuni tana taka keke har ƙafa ta kumbura, da dai 'yar da ta haifa ta ji tana in'ina a kan layi ɗaya. Ko mijinta, Kafinta, bai san zurfin tsoron nan ba.

Abin da ta manta shi ne yau akwai baƙuwa. Yaya Nas, yayar Kafinta, wadda ta rene shi bayan rasuwar iyayensu, tana zaune a inuwa tana jiran a rage mata hannun riga. Ta zare tabarau.

"Zo nan, ƙanwata. Kin ga saƙon da makaranta ta turo a waya? Ran Asabar akwai taron iyaye. An canza tsarin karatu, wai yanzu sai da hannun mutanen gida. Shi mijinki ba ya shigowa sai magariba, a gajiye tiɓis. Ke kuma..." Ta kalli bahon, ba ta ƙarasa ba. "Na yi magana da ƙanena. Ana tashi daga taron nan yarinya ta koma gidana. Kya riƙa ganinta ran hutu."

Kumfa na ɗiga daga yatsun Maman Rediyo. Da ƙyar ta ce, "Ya amsa, Yaya?"

"Zai ƙi ne?"

Da magariba Kafinta ya shigo, garin katako har a girarsa. Aka dire masa kwano ba a kalle shi ba.

"Tawan, yau ko sannu da zuwa babu? Ko bashinta zan ci?"

"Ashe ka yi kyauta da 'yata."

Hannunsa ya tsaya a kan murfi. "Wace irin kyauta kuma? Gidan Yaya ne fa, ba bangon duniya ba."

"Ka amsa ko ba ka amsa ba?"

Ya sosa ƙeya. "Kin san Yaya. Matar da ta goya ni har bayanta ya ƙage. Wallahi na buɗe baki zan ce a'a, sai na ji to ta fito."

"Na isa in haife ta. Na isa in tsaya a kanta ranar da zazzaɓi ya so ɗauke mana ita. Amma ban isa a tambaye ni ba, tunda ni jahila ce!"

"Subhanallahi! Yaushe na ce..."

"Ba sai ka ce ba." Hawaye suka ɓalle. "Tun da ka aure ni ban taɓa jin na yi maka kaɗan ba, sai yau."

Ya miƙo hannu, ta janye. Abincin da ba a ci ba kenan. Kwanakin da suka biyo baya gidan ya zama kamar an ɗauke wuta: gaisuwa ce kawai, sai ƙarar keke. In ta ɗauko rigar makarantar yarinyar za ta goge, sai ta tsaya tana kallonta, tana tunanin wa zai san cewa wuyan rigar na cin ta in ba a juya shi ba.

Ranar Asabar Kafinta ya ce zai biyo su daga shago. Suka tafi su uku, Rediyo a gaba tana nuna musu famfo, da wurin fareti, da bishiyar da wani ya faɗo. Aka raba iyaye aji-aji, kowa ajin ɗansa, aka kuma ce a zauna a kujerun yaran. Wani direba mai tumbi ya duba tasa ya ce, "Malama, in na zauna kuwa sai dai a tafi da ni gida da ita!" Aka kwashe da dariya. Maman Rediyo ta lallaɓa can baya, kusa da taga, ta ja mayafi.

Malamar ajin, wadda yara ke kira Anti, siririya ce mai alli a gefen zane. Ta yi bayani a tsanake. Ta ce a da, in yaro ya haddace ya rera, shi kenan an ce ya iya. Yanzu abin da ake nema kafin ya bar aji biyu shi ne ya karanta ɗan gajeren labari da kansa, ya rufe littafin, ya faɗi abin da ya faru da bakinsa. A lissafi kuma ba amsa kaɗai ba, sai ya nuna hanyar da ya bi, ko da murafun kwalba ne. Babu bulala. Sakamako ma an daina rubuta na ɗaya da na ƙarshe, sai dai a faɗa maka abin da ɗanka ya iya da wanda bai kai ba tukuna.

"To in babu na ɗaya, da me zan yi wa maƙwabcina gori?" in ji direban.

"Da ɗanka zai karanta maka allon hanya," in ji Anti.

Ta ci gaba: a zo kafin a buga ƙararrawa, a sa wa yaro ruwa a gora, a rubuta suna a jikin suwaita don rigimar da ta fi yawa kenan. Sannan kowane mako yaro zai je gida da littafi, kuma dole wani babba ya zauna da shi kullum, ko na ɗan lokaci ne. Yaya Nas, daga sahun gaba, ta waiwayo ta dubi bayan aji.

Ana cikin haka Kafinta ya shigo da sanɗa, fensir a bayan kunne. Ya hango matarsa, ya ratsa ya zauna kusa da ita, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Ba ta kalle shi ba.

"Bari mu gwada ku gani," in ji Anti. "Wa zai fito ya karanta wa wani nasa?"

Kafin ta rufe baki hannun Rediyo na sama, har da tsalle.

"To zo. Wa za ki karanta wa? Momi?"

Yarinyar ta rungume littafin. Murya ta yi ƙasa, abin da ba a saba ji ba.

"Momi ba ta son karatuna, Anti. Da ta ga buk sai ta je ta sa hannu a ruwa."

Wasu suka yi 'yar dariya, suka ga ba ta dariya ba ce, suka haɗiye. Maman Rediyo ta ji kamar an watsa mata garwashi. Ashe yarinyar na gani! Ashe duk ranar da take ɓoye kunyarta, 'yarta tafiya take da cewa ba a son ta ji muryarta.

Yaya Nas ta gyara zama ta miƙa hannu. "Taho nan, ki karanta mini."

Rediyo ta ɗaga ƙafa za ta tafi. Maman Rediyo ba ta san lokacin da ta miƙe ba, kujerar ta kife a bayanta.

"Malama." Ta dubi Anti. "Ba ƙi nake ba. Ni karatuna bai yi nisa ba. Tsoro nake ta tambaye ni in kasa, ko ta yi kuskure in ce mata daidai ne, in cuce ta."

Ta faɗa, a gaban mutane, abin da ko a ɗaki ba ta taɓa faɗa ba. Ta ji hannun mijinta mai kanta ya kama nata ta ƙasan tebur, ya riƙe gam. Wannan karon ba ta janye ba.

"Mama, gyaran kuskure aikina ne, kar ki ƙwace mini," in ji Anti da murmushi. "Ita za ta karanta. Ke kunne za ki ba ta, in abu ya ɗaure miki kai ki tambaye ta. Zo ki gwada."

Ta isa gaban aji ta zauna. Rediyo ta haye cinyarta, ta ɗora yatsa a kan layi, ta fara, tana tsayawa tana haɗa haruffa. Yaro ya je rafi. Ya cire takalminsa. Ruwa ya tafi da ƙafa ɗaya.

"Kai!" Maman Rediyo ta manta inda take. "Takalmin makaranta? Uwarsa ta sani?"

"Ban sani ba, Momi, ban kai wurin ba!"

"To maza duba mana! Wannan yaro zai sha faɗa."

Aji ya ɗauki dariya, amma ba irin wadda take tsoro ba. Yarinyar ta juya shafi da sauri, ta ci tuntuɓe a wata kalma, Anti ta ɗago ta, ta wuce. Da ta gama ta rufe littafin ta zayyano labarin kaf, har da ƙarin gishiri.

"Abin da muke roƙo kenan," in ji Anti. "Bai fi haka ba."

A bakin get Yaya Nas ta tsaya tana gyara jaka. "To, sai a haɗo mata kayanta."

Kafinta ya cire fensirin daga kunnensa, ya rusuna kamar yana ƙaramin yaro.

"Yaya, ki yafe mini. Abin da na amsa miki ba nawa ba ne ni kaɗai, kuma na amsa ba da sanin mai shi ba. Duk abin da kika ce in yi a duniya zan yi. Amma yarinyar nan tana wurin uwarta."

"Ni kake faɗa wa haka?"

"Ke kika koya mini in na yi kuskure in gyara tun kafin manne ya bushe."

Yaya Nas ta kau da kai ta kalli titi. Da ta juyo, idonta ya kaɗa.

"Tun da autana ya tafi jami'a, in cokali ya faɗi a gidana sai na ji ƙararsa har ƙofar gida," ta ce a hankali. "Na ce ko zan samu mai cika mini kunne."

Nan take duk ɗacin da ke zuciyar Maman Rediyo ya narke. Ta matsa ta kama gefen mayafinta.

"Yaya, ai ba a raba ku. Duk Asabar zan kawo miki ita ta wuni, ki duba mata lissafin nan na murafun kwalba, don ni ban gane kansa ba. In da hali ma... ni ma ki ɗan duba ni."

"Ke? Ni fa ina da zafi."

"An hana bulala, Gwaggo!" in ji Rediyo.

Dariya ta ƙwace wa Yaya Nas tana share ido. "Ku ɓace mini da gani. Kuma ku zo da wuri."

Suka kama hanyar gida, yarinyar ta yi gaba tana karanta duk rubutun da ta gani a jikin shaguna, tana waiwaye a ce mata madalla. Kafinta ya rage tafiya har kafaɗarsu ta jeru.

"Tawan, duk shekarun nan kina ɗauke da wannan, ba ki faɗa mini ba?"

"Da ka raina ni."

"Ni? Ni da in kika yi fushi nake buga guduma a yatsa?" Ya nuna mata babban yatsansa, farcen ya yi baƙi. "Kalli aikin kwana uku."

Ta kama yatsan ta duba, ta harare shi. "Da Yaya ta dage fa? Da ka ba ta?"

"Da na ba ta, da kin wayi gari kin ga ni ma na bi kayan, don na san ba za ki bar ni in kwana a gidan ba."

"Ashe ka sani."

"Na tuba."

"Na ji. Sai ka yi mana ɗan benci mai cin mutum uku."

'Yan'uwana iyaye, musamman mu da bokonmu bai yi nisa ba: yaro bai san kunyar da kike ɓoyewa ba, bayanki kawai yake gani in kin juya. Makaranta ba ta ce ki zama malama ba, zama ta ce ki yi. Ku kuma maza, girmama na gaba wajibi ne, amma kar a yanke hukunci a kan abin da kuka haifa tare sai da wadda kuka haifa da ita. Wadda ta yi haƙuri ta faɗi gaskiyarta, Allah ba ya barinta ta kunyata.