Farantin Baba Usman

Bushira na tsugune a tsakar gida tana yanka kabewa, ga tumatir ja-jawur, ga karas, ga zogale ta tsinke a faifai, sai Hajiya Maiturare, uwar mijinta, ta faɗo gidan. Ashe ta baro gidan suna da wuri.

"Innalillahi! Wannan tarkacen na waye?"

"Na Baba ne, Hajiya."

"Na Malam? Mijin nawa kike ɗura wa ciyawa kamar akuya? Don ɓarayin daji sun koro iyayenki daga Kusasu kuka saba da cin ganye, shi ne za ki kawo mana tsiya gida?"

A wurin Hajiya, gatan marar lafiya farar shinkafa ce da burodi da shayi mai kauri. Da su take jinyar Baba Usman tun da tsufa ya kawo masa mantuwa, cikinsa kuma yake ɗaurewa kwana da kwanaki.

Dabarar kuwa ba ta Bushira ba ce, ta mijinta Salim ce. Nas Patience ta gaya masa a asibiti cewa ba magani ba ne na warkewa, amma in farantin tsoho ya cika da launi, kore da ja da ruwan ɗorawa, hanji zai saki, ƙwaƙwalwa ma ta samu abin da take so. Ya zo ya raɗa wa Bushira a ɗakin Baban, tsohon yana zaune kamar ba ya ji.

"Ki riƙa yi masa in Hajiya ta fita. In magana ta tashi, ni zan tsaya miki, wallahi."

Ta yi wata biyu tana yi. Baba ya daina nishi a banɗaki, har ya koma fita masallaci.

To, yau maganar ta tashi. Salim na jingine mashin ɗinsa Hajiya ta tare shi.

"Kai, da saninka ake wannan wulaƙanci?"

Bushira ta ɗago kai tana jiran jarumin nata. Kaico! Ya dubi ƙasa, ya sosa ƙeya.

"Ni? Ban san komai ba, Hajiya. Ke ma Bushira, ai da kin tambaya."

Wuƙar ta faɗi daga hannunta. Zagin Hajiya bai yi mata zafi ba ko kaɗan, wannan kalmar ce ta soke ta. Mutumin da ya riƙa ratsa hanyar daji yana zuwa zance wurinta, yana cinye mata kwaɗon rama har da lashe yatsu, yau shi ne bai san komai ba!

"Tattara ki je gidanku ki huta," in ji Hajiya.

Ta tafi tana kuka, ba ta tona shi ba. Ko mahaifiyarta da ta matsa mata, cewa ta yi, "Inna, ki bar wa Allah." Salim ya yi ta turo saƙo: "Sori, ki gane ni mana." Ba ta amsa ko ɗaya ba.

Aka koma shinkafa da burodi. Ba a jima ba cikin Baba ya sake ɗaurewa tamau, ya daina fita, ya yi zuru-zuru. Rannan Hajiya ta ajiye masa faranti fari fat, ya ture shi.

"Ina yarinyar nan mai miya kala-kala?"

"Na kore ta, Malam. Ganye take ba ka a ɓoye, ba da sanin kowa ba."

Tsohon ya juya ya ƙura wa ɗansa ido.

"Ba da sanin kowa ba? Nan kan tabarmar nan ka tsuguna, ka ce mata in magana ta tashi kai za ka tsaya mata. Har da wallahi. Kun ɗauka na zama bango ne, kuna magana a gabana? Ina mance sunayen jikokina, Salim, amma rantsuwar nan ban mance ta ba."

Hajiya ta dafe ƙirji. Salim ya durƙusa, hawaye shaɓe-shaɓe.

Washegari aka je biko, Hajiya da kanta a gaba. Bushira ta gaishe ta har ƙasa, sannan ta dubi mijinta.

"Zan koma saboda Baba. Amma ka faɗa nan, gaban Hajiya da Inna, wa ya sa ni."

"Ni ne," in ji shi. "Ni na sa ki, kuma ni na gudu na bar ki."

Hajiya ta kamo hannunta. "Ki yafe mini, 'yata. Kabewar nan taki tana nan, na sa an shanya, ban bari an zubar ba."

Yanzu Hajiya ce ke tsinke zogalen, tana mita tana ci. Bushira ta yafe, duk da sai da aka daɗe kafin ta sake yarda da wallahin Salim.

Samari, ku ji da kyau: ganyen da kuke rainawa lafiya ce, kuma biyayyar uwa ba ta ce ka yi wa matarka ƙarya ba. Wadda ka ce za ka tsaya mata, ka tsaya mata ranar da ƙafarka ke rawa.